Babi na Shida: Tarihin Mota Kafin a Ƙirga Kuɗi

Motar da za ta yi aiki a Damargu ba irin wadda ke zirga-zirga tsakanin Birni da Zango a cikin garin Zinder ba ce. A birni, in mota ta mutu, sai ka tura ta gefen titi ka tare ɗan kabu-kabu, kafin la'asar bakanike ya iso da akwatin kayansa. A Damargu babbar kwalta ita ce hanyar ƙasa mai lamba 11, wadda ta tashi daga Zinder ta bi ta Bakin Birji ta kai Tanut, tafiyar kusan kilomita 150, sannan ta miƙe arewa ta Adarbisanat zuwa Agadas, wasu kilomita 300 ke nan. Da ka sauka daga kanta ka nufi Gangara, ko Belbeji, ko zangon makiyaya wajen Tenhiya, to sai rairayi da kwaruruwa da sawun motocin da suka riga ka wucewa. Wanda injinsa ya buga a nan cikin watan Afrilu, ga buhunan hatsi a baya, ga mata da yara a saman buhunan, ƙishirwa zai fara tunani kafin kuɗin gyara. Kayan gyaran ma sai an aika Zinder, wani lokaci har Kano. Gaskiya ne matatar mai ta SORAZ tana nan a ƙasar Olalewa tun 2011, amma matata mai take bayarwa, ba ta sayar da kuloci. A shekarar ce kuma aka cire Belbeji daga Tanut ta zama gunduma mai zaman kanta, sai dai hakan bai matso mata da manyan ofisoshin takardun mota ba, suna Zinder da Yamai.

Saboda haka kuskuren sayen mota ya fi tsada a nan. Kuma kusan duk wanda zai saya, ta hannu zai saya.

Motar hannu da ta iso Tanut ta yi rayuwa biyu. Ta farko a Turai ko Amurka ko Japan, inda a wurare da yawa hukuma ke tilasta a kai ta awo lokaci-lokaci, a rubuta abin da aka gani, a ajiye. Ta biyu ta fara ne ranar da aka sauke ta daga jirgin ruwa. Shekaru da dama babbar hanyar ita ce: tashar Kwatano, sai arewa zuwa Malanbil, a haye gada a shiga Gaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 iyakar Binin ta rufe, kaya da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗi ya ƙaru. Wasu motocin ta Najeriya suke shigowa, wasu daga Libiya ta Agadas. Rayuwar farko a rubuce take, in ka san inda za ka nema. Ta biyu rabinta a takarda, rabinta a bakin mutane. Mai saye na ƙwarai duka biyun yake bincika, kuma zaren da ke haɗa su guda ne, wato lambar shasi.

Mutumin Damargu ba ya sayen raƙumi sai ya buɗe bakinsa ya ga haƙora, ya kuma duba shaidar wuta a wuya ko cinya ya san daga garken wa ya fito. Lambar shasi ita ce shaidar mota. Tun 1981 aka daidaita ta ta zama haruffa da lambobi 17, kuma ba a sa harafin I ko O ko Q a ciki, don kada a rikita su da 1 da 0. In ka ga ɗayansu a kan takarda, ko dai magatakarda ya yi kuskure, ko kuma wani ya yi dabara, duka biyun kuwa za su iya tsayar da kai a shingen jandarma. Farkon lambar yana faɗin inda aka ƙera motar: J Japan ce, W Jamus, VF Faransa, 1 ko 4 ko 5 Amurka. Hilux da aka haɗa a Tailan tana farawa da MR0, ta Afirka ta Kudu da AHT. Wanda ya ce maka Hilux ɗinsa "ƴar Japan ce tsantsa" alhali lambarta ta fara da M, ka san bai karanta ba, ko yana fatan kai ba za ka karanta ba.

A jikin ƙarfe ake neman lambar, ba a takarda ba. A ƙananan motoci takan kasance a bangon da ya raba inji da mazauni, ko a ƙasa kusa da kujerar gaba. A motocin Amurka ana hango ta ta gilashin gaba, a kusurwar direba. A Hilux da Land Cruiser an buga ta a kan gangar shasin kanta, sai an durƙusa an leƙa ta wajen taya. Ka tafi da tsumma da ɗan gazuwal, ka goge ƙurar, ka haska da fitilar waya. Haruffan kamfani a jere suke, zurfinsu ɗaya, tazararsu ɗaya. In ka ga wurin ya fi kewayensa santsi kamar an goga dutsen wasa, ko an yi sabon fenti a nan kaɗai, ko akwai layin walda da ya zagaye lambar, to an taɓa ta. Daga nan babu sauran ciniki, ko da a rabin kuɗi ne. Hukumar Interpol na da rumbun sunayen motocin sata na ƙasashe da yawa, kuma motar da aka kama a hannunka, kai ne za ka yi bayani.

Idan lambar ƙarfe ta yi daidai da ta kartigiriz da ta takardar duwan, harafi da harafi, sai a koma baya a nemi rayuwar farko.

Ingila ce ta fi kowa sauƙaƙa wannan. Awon da suke kira MOT ya fara a 1960, kuma yau duk mai lambar mota zai iya shiga shafin gwamnati kyauta ya ga sakamakon kowane awo tun wajen 2005: ranar da aka yi, mil nawa agogo ya nuna, ta ci ko ta faɗi, da abin da mai awo ya yi gargaɗi a kai. Amma motocin Ingila sitiyarinsu a dama yake, ba safai suke zuwa mana ba. Namu sun fi fitowa daga Beljiyam da Faransa da Holan da Jamus. A Burasel akwai unguwar Heyvaert, wadda ta daɗe tana tara tsofaffin motoci ana loda su ta tashar Anbas zuwa Afirka ta Yamma. Beljiyam na da Car-Pass tun 2006, takardar da ke jera kilomitocin da gareji da wuraren awo suka rubuta duk lokacin da motar ta shiga hannunsu. A Faransa awon ya zama dole tun 1992: mota na cika shekara 4 a kai ta, daga nan duk shekara 2, kuma ba a sayar wa mutum mota mai sama da shekara 4 sai da takardar awon da ba ta wuce wata 6 ba. A 2019 gwamnatinsu ta buɗe shafin HistoVec, mai nuna hannu nawa motar ta bi, ko ta yi babban haɗari, ko an kai rahoton sace ta, daga baya aka ƙara sakamakon awo da kilomita. Sai dai da bayanan tsohuwar kartigiriz ta Faransa ake buɗe shi, shi ya sa wannan tsohuwar takarda da ake jefarwa a aljihun mota take da daraja. A Holan, hukumar RDW na nuna ranar da awon ƙarshe ya ƙare, ta kuma faɗi ko jerin kilomitocin motar ya shiga hankali ko bai shiga ba, muddin ka san tsohuwar lambarta. Motar Amurka kuwa, rahoton Carfax na kuɗi ne, amma kafin ka biya, rubuta lambar shasin a Google. Sau da yawa hotunan gwanjon Copart ko IAA ke fitowa, ka ga motar da ke ƙyalli a gabanka gabanta a murƙushe, ko ruwa ya kai mata tagogi.

Me ya sa za a sha wannan wahalar? A 2020 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto cewa tsakanin 2015 da 2018 Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa. A 2020 ɗin ne kuma masu binciken gwamnatin Holan suka fitar da rahoto kan motocin da ake lodawa daga tashoshinsu zuwa Afirka, inda suka tarar akasarinsu shekarunsu tsakanin 16 da 20 ne, kuma akasarinsu ba su da takardar awo mai rai a ranar da suka bar ƙasar. Wasu an ma cire musu katalizar, tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Dalilin a fili yake. Bature ya kai motarsa awo, ta faɗi, bakanike ya yi masa lissafin gyara ya zarce kuɗin motar, sai ya sayar wa ɗan kasuwa mai fitarwa waje. Mota da yawa sun iso mana ne daidai saboda sun faɗi jarrabawa. Wannan bai sa ta zama banza ba. Aikin hannu a Zinder bai kai tsadar na Liyon ba, kuma abin da ya kayar da mota a can, kamar hayaƙi ko fitilar gargaɗi, wani lokaci ba shi zai hana ta kai hatsi kasuwa ba. Amma akwai bambanci tsakanin faɗuwa saboda hayaƙi da faɗuwa saboda gishirin da suke zubawa a titi lokacin sanyi ya cinye ƙarfen da ke riƙe da ƙafar baya. Takardar awon ƙarshe ce za ta gaya maka wanne ne.

Sai batun agogon kilomita, inda aka fi cin amanar mutane. Majalisar Turai da kanta ta yi ƙiyasi a 2018 cewa kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na motocin hannu da ke tsallaka iyaka tsakanin ƙasashensu an taɓa agogonsu. Tsakanin irin su Jamus da Folan ke nan, balle wadda ta ƙetare teku. Agogon zamani ma ya fi sauƙin juyawa, da kwamfuta ake yi cikin mintuna.

Ga yadda irin wannan ciniki kan kasance a filin sayar da motoci. A ce wani ɗan kasuwar hatsi ne daga Tarka, ya zo Zinder da ɗan ƙanensa mai waya a hannu.

"Alhaji, wannan ba ta sha wahala ba," in ji dillali, yana shafa bonet. "Wata tsohuwar Baturiya ce ke zuwa kasuwa da ita. Dubi agogo, 98,000 kacal."

"To madalla. Ina takardun da ta zo da su?"

"Ga na duwan nan, komai ya cika."

"Na gani. Na can nake nufi."

"Haba Alhaji, mota za ka hau ko takarda?"

Yaron bai ce uffan ba. Ya buɗe ƙofar direba, ya sunkuya yana duba ginshiƙin ƙofar. Akwai wata ƴar takarda manne, ta gareji, wadda ake liƙawa in an canza baƙin mai, rubutun biro ya koɗe amma yana karantuwa.

"Baba, nan an rubuta 212,400. Shekara uku ke nan da suka wuce."

Dillali ya leƙa, ya ɗago. "Wallahi Alhaji, haka ta zo mana."

Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Tsakanin Burasel da Zinder motar ta bi hannu huɗu ko biyar, kowanne zai iya zama mai laifin. Alhaji ba alƙali ba ne, ba ruwansa da gano wanda ya juya agogo. Abin da ya samu shi ne kuɗin da za a fara taya motar ya sauka, kuma ya san bel ɗin inji da famfon ruwa suna jiran canji. Masu juya agogo sukan manta da irin waɗannan ƙananan shaidu: takardar baƙin mai a ƙofa, wadda ake liƙawa a murfin bel, littafin gareji mai hatimai, rasit da ya maƙale a ƙarƙashin kujera. Robar feda da ta cinye har ƙarfe ya fito, da sitiyarin da ya yi sulɓi, ba sa tafiya da kilomita 98,000. A motar Amurka kuma a lura, agogonta mil yake ƙirgawa: mil 150,000 ya haura kilomita 240,000.

Taya ma na da ranar haihuwa. A gefenta, ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2316 na nufin mako na 23 na 2016. Tsohuwar taya takan yi kyau a ido, zanenta da sauransa, amma robar ta bushe, kuma kwaltar Tanut da tsakar rana ba ta yi wa irinta uzuri.

Yanzu rayuwa ta biyu. Motar da ta riga ta yi shekaru a Nijar tana da kartigiriz, da asirans, da binyet, da takardar bizit teknik. Kowa ya san su domin su ake miƙa wa jandarma ta taga. Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar sabuwar takardar bizit a matsayin shaidar lafiya. Awo yana duba birki, fitilu, wasan sitiyari, ƙafafu, tayoyi, hayaƙi da lambar shasi. Ba ya kwance inji, ba ya leƙa cikin giya, ba ya sanin lagireto na tafasa in an yi awa biyu cikin rairayi. Kuma labarin rana ɗaya yake bayarwa. Aron tayoyi don ranar awo, a mayar wa mai su da yamma, ba baƙon abu ba ne a ko'ina cikin yankin nan namu. Takarda ɗaya, sabuwa fil, wadda aka yi mako guda kafin a sa motar a kasuwa, ni a wurina ba ta da nauyi sosai. Abin da ke da nauyi shi ne jeri: ta bana, ta bara, ta bara waccan, duka da lambar shasi ɗaya, ba giɓi. Mai motar da ya tara tsofaffin takardunsa a leda ya ajiye, yawanci haka yake kula da baƙin mai ma. In kuwa akwai giɓin shekara biyu, tambaya ta taso: ina motar take a lokacin? A kan duwatsu take a bayan gida, ko a gareji bayan ta yi adungure, ko a daji inda ba a tambayar takarda?

Dubi sunan da ke kan kartigiriz. Abu ne da aka saba, mota ta canza hannu sau uku tana yawo da sunan mai ita na farko, wanda wataƙila ma ya rasu. In sunan ba na mai sayarwa ba ne, a kawo takardun sayarwa da suka haɗa su, kowacce da hatimin hukuma. Motar da ke ɗauke da lambar Najeriya kuma, takardar izinin shiga ta wucin gadi ba biyan duwan ba ce. Wanda ya saya ya gaji bashin.

Akwai motoci iri biyu da suka fi jan hankalin mutanen Damargu, kuma tarihinsu hannun riga ne. Na farko su ne Land Cruiser da Hilux masu buɗaɗɗen baya da ke gangarowa daga arewa. Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakatan a 2014, irin waɗannan motoci suka yi ta jigilar ruwa da mai da mutane cikin hamada, da lodin da kamfani bai taɓa mafarkinsa ba. Ba su da wani shafin intanet da za a duba. Tarihinsu a jikin shasi yake, don haka sai an shiga ƙarƙashi: a bi gangar ƙarfen daga gaba har baya, musamman inda sifirin ke maƙale da kuma tsakanin kai da bodi, a nemi tsaga ko facin walda da aka rufe da baƙin fenti. Shasin da ya taɓa karyewa aka ɗinke, a wurin zai sake buɗewa, kuma da lodi a kai zai yi. Na biyu su ne motocin furoje da na ƙungiyoyin agaji da ake gwanjonsu in sun tsufa. Su ma sun sha daji, amma galibi suna da littafin tafiya da na gyara, direba ɗaya ko biyu ne suka riƙe su, kuma ana canza musu mai a kan lokaci. A nemi littafin. Abin lura kawai shi ne da yawansu sun shigo ƙasa ba tare da biyan duwan ba saboda sassaucin da aka yi wa ƙungiyar, sassaucin kuwa ba ya bin motar zuwa hannunka. A tambayi duwan abin da za a biya kafin a yi tayi.

Abin da takarda ta rasa, tasha na da shi. A wannan fannin ɗan Tanut ya fi ɗan Faris gata. Motocin da ke aiki tsakanin kasuwannin Damargu ba su da yawan da za su ɓace wa mutane. Ɗan kamasho ya san wace Hiace ce ta kwana a hanya sau uku a damina. Mai faci ya san wadda ke cin taya ta gefe ɗaya, alamar ƙafa ta karkace. Mai walda ya san abin da ya ɗinke. Wanda ya fi su duka sani shi ne yaron mota, domin shi ke zuba ruwa a lagireto, shi ke turawa da asuba, kuma ba shi da la'ada a cinikin. Ba a tambayarsa a gaban maigidansa. A same shi wajen mai shayi, a yi hira, kada a ce "motar nan lafiya take?" don amsar ita ce lafiya lau. A ce, "Daga nan zuwa Bakin Birji galan nawa na ruwa kuke ɗauka?"

Malamanmu na Malikiyya sun yi bayani cewa ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma wanda ya gano tsohon aibi bayan ciniki yana da zaɓin mayarwa. Hukuncin na nan daram. Amma wanda ya kai mota Belbeji, ya yi mako uku yana loda mata buhuna, sannan ya dawo Zinder yana cewa tsagar shasi tsohuwa ce, zai sha rantse-rantse kafin ya ga ko dala. Shi ya sa tsarin biya ke da muhimmanci. A fara da lambar shasi, a aika hotonta da na tsofaffin takardu ga wanda ya iya bincike, ko yana Yamai ko yana Burasel, WhatsApp ya sauƙaƙa wannan. A kawo bakanike naka, wanda kai ka biya shi, ba wanda dillali ya nuna ba. A tayar da injin da sanyin safiya kafin kowa ya ɗumama shi, a fita da motar bayan gari inda akwai rairayi, a sa giyar taimako a ji ko tana shiga. In ana so a ba da kafin alƙalami, a rubuta a gaban shaidu cewa za a mayar da shi idan awo ko duwan suka nuna matsala. Sannan a kai motar sabon awo tare da mai ita, kana tsaye kana kallo, da tayoyin da za ka tafi da su gida. Ragowar kuɗin sai ranar da aka sa hannu a takardar sayarwa aka shigar da buƙatar sauya suna a kartigiriz, la'adar dillali ma a ranar ake ba shi.